Gyaɗar Iri da Littafin Aro

Bana azumi ya sake faɗowa a tsakiyar bazara, kamar yadda ya faɗo lokacin ina ’yar makaranta. Tun da hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa, iska ta tsaya cik. Shekaranjiya bayan azahar ina zaune a rumfa ina tsintar shinkafa, sai maigidan ya shigo da gyaɗar da zai shuka a ’yar gonarsa ta hanyar Lajawa. A leda take, ɓararriya tas, an barbaɗe ta da jan magani, har da gargaɗin kada a kai baki. Ina juya ledar a hannuna sai na ji babban yatsana yana min zogi, alhali rabona da ɓarar gyaɗar iri an yi shekaru aru-aru. A ɗaki kuma autata tana kwance, ta toshe kunnuwanta, wata mata tana karanta mata littafi daga cikin waya, tana ta murmushi ita kaɗai. Waɗannan abubuwa biyu su suka ɗauke ni suka mayar da ni gidanmu na kusa da kogi, ɗakin kakata Iya, da matar yayana Hanne.

Daminar da ta gabaci wancan azumin ba ta yi kirki ba. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai sama ta ɗauke. Ko da ya dawo ganye ya riga ya nannaɗe. Abin da Baba ya girbe bai kai rabin rumbu ba. Kafin bazara ta tsaya da ƙafarta, samarin unguwa duk sun watse ci-rani. Yayana Sule ya bi motocin da suke ɗaukar shanu daga kara zuwa kudu, ya bar Hanne, wadda aka kawo mana daga Achika ba a daɗe ba. Kogi ya janye ya bar farin yashi, masunta suka kife kwale-kwalensu. Da rijiyar gida ta soma ba da laka, sai mu tafi da tulu da sassafe mu tona yashin, mu zauna muna jira ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo a hankali don kada ya gurɓace.

A shekarun ƙoshi Wudil ba ta rasa abin kallo da na ji. Bayan girbi motar majigi takan zo, a kafa farin ƙyalle a filin firamare, a nuna yadda ake zuba taki da yadda ake kai yara allura, sannan a saka wasan ban dariya. Mu ’yan mata a kai mu da rakiyar manya, mu yi sati muna kwaikwayon abin da muka gani. Ranar Juma’a, da yake kasuwa ce, tun daga gida kana jin kalangu daga wajen mahauta. In biki ya tashi mata su kifa ƙwarya a ruwa su yi ta kiɗa da waƙa har muryoyi su dushe. Yaya Sule kuma duk sanda ya je Kano ya shiga silima, sai ya dawo ya zauna a bakin murhu ya ba mu labarin fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, ya yi muryar sarki, ya yi ta ’yar sarki, ya rera waƙar da wani yare da shi kansa bai san me yake cewa ba. Hanne takan rufe fuska da mayafi wai kunya, amma kafaɗunta suna rawa.

Wannan shekarar duk aka yi shiru. Majigi bai zo ba, an ɗaga bukukuwa sai bayan damina, Sule ba ya nan. Rediyon Baba ma ba a kunna shi sai lokacin tafsiri. In batir ya yi sanyi a jera shi a kan katanga ya sha rana, a sake mayarwa, malam ya yi magana da ƙyar kamar daga cikin rijiya.

Sahur ɗinmu ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ruwa ya fi kuka yawa. Buɗa-baki kunun tsamiya ne, wata rana da ɗan rogo. Ƙosai sai dai ƙamshinsa daga gidan wani. Duk da haka akwai abinci mai kyau a gidan wanda ba mai taɓawa: buhunan gyaɗar iri da Baba ya rataye a ɗakin Iya. Su ne fatan gidan gaba ɗaya. In damina mai zuwa ta yi kyau, gyaɗar nan ce za ta tsayar da mu.

Gyaɗar iri ba a daka ta, don turmi yana fasa ƙwaya. Da hannu ake ɓare ta, ɗaya bayan ɗaya, a ware masu kyau, waɗanda suka motse ko suka fashe a tara su don miya, ɓawon ya tafi murhu. Iya tana da dokarta a kan wannan aikin. Ta ga wata yunwa tana budurwa, inda mutanen ƙauyensu suka cinye irinsu da kaɗan-kaɗan ba su ankara ba, ruwa ya sauka ba abin sa wa ƙasa. Saboda haka da ta ga azumi ya zo gab da damina, sai ta ce Allah ya kawo sauƙi: da rana za a yi ɓarar, a ɗakinta, kuma sai mai azumi.

“Wanda bai ɗauki azumi ba kada ya taka min ɗaki,” in ji ta. “Yaro ne ko babba.”

Gwaggo Lami, ƙanwar Baba da take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ita ce mai bakin gidan. Ta ce, “Iya, in mutum ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ai ba za a fasa damina ba.”

“Ƙwaya ɗaya kowa yake cewa. Bakin da yake rufe shi na yarda da shi.”

Haka aka yi. In an gama sharar safe da ɗebo ruwa, sai mu shige ɗakin Iya: ita, da mahaifiyata Inna, da Gwaggo, da Hanne, da ni. Soron ƙasa ne mai kauri, an yayyafa ruwa a daɓe, an saki asabari a ƙofa. A duk gidan nan ne kaɗai mutum zai zauna da rana bai narke ba. Wadda uzurinta na wata ya zo sai ta zame ba sai an ce mata ba, ta kama daka a tsakar gida, bayan kwana biyu ta dawo. Ba wanda ya ga aibun dokar.

Abin da ya dame mu barci ne. Ga yunwa, ga sanyin ɗaki, ga ƙarar ɓawo ƙas, ƙas, ƙas, sai ka ga kai yana rinjaya. Rannan Inna ta gyangyaɗa ta juye ƙwaya cikin ɓawo, sai da aka sake tsincewa. A nan Gwaggo ta kawo shawarar littafi. Akwai Anti Rabi, matar malaminmu na Hausa, wadda mijinta yake sayo mata littattafan hikaya daga Kano, irin waɗanda suka fara fitowa a lokacin, masu siririn bango da takarda mai saurin yagewa. Takan naɗe bangon da takardar siminti, ta riƙa ba da aro gida-gida. Ni kuma ina aji huɗu a sakandare, muna hutu.

Iya ta ce, “A watan azumi za a zauna a karanta min ƙarya?”

“Iya, ko ƙarya ko barci, zaɓi ɗaya,” in ji Gwaggo. “Barcin nan shi zai cinye miki irin.”

Iya ta ja carbinta. Can ta kafa sharuɗɗa: sai na gama karatun Alƙur’anina na safe, in an kira salla a rufe, kuma duk inda aka zo maganar da ba ta dace da mai azumi ba in tsallake. Anti Rabi ma tana da nata sharaɗin: in karɓa da hantsi, in mayar kafin la’asar, don wani gidan yana jira.

Labarin wata mai ɗinki ce da aka sa mata rana da wani direban babbar mota. Ya yi hatsari a wata hanya mai nisa, aka ce ya mutu, ita kuwa ta ƙi yarda. Ashe yana can wani gari, ya rayu amma ya manta kansa, ya manta kowa. An ɗauke min ɓara, aikina karatu kawai. In na zo inda aka tuno hirarsu ta masoya sai in ce, “Sai suka gaisa,” in juya.

“Wannan gaisuwa tasu ta yi tsawo,” Gwaggo ta ce. “Na ga kin juya takarda kin sake juyawa. Har kakanninsa ta tambaya ne?”

Iya kuwa ta juya mana gefe, wai ita ba ta ji. Amma da aka zo inda direban ya ce bai san sunansa ba, sai ta ce, ba ta ko ɗago ba, “Ƙarya yake. Ya tuna sarai. Ya ga wata ce a can.”

Hanne kuwa sauraro kawai take yi. Hannunta yana aiki, idonta yana kan bakina. Ba ta yi boko ba, allo ta yi, kuma ba ta taɓa jin an karanta labari daga takarda ba. Malama take kirana, da tsokana irin ta matar wa da ƙanwar miji. Kullum in zan mayar da littafin sai ta ce in ba ta ta riƙe, ta shafa takardar simintin, ta ce, “Malama, duk mutanen nan a cikin ɗan abin nan suke?” Sai daga baya na lura cewa duk inda aka ambaci mota da hanya hannunta yakan tsaya. Tun tafiyar Yaya Sule saƙo ɗaya ya aiko.

Akwai kuma abin da kowa ya gani ba wanda ya faɗa. Hanne tana da ciki. Ɗaurin zaninta ya hau sama, tana yawan tofar da yawu, warin daddawa yana korarta daga madafa. Amma cikin fari ne, kuma a lokacin ba a maganarsa. Ita ba za ta faɗa ba ko za a yanka ta. Inna kuma Sule ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dubi matarsa ta yi mata zancen ciki. “Yarinyar nan” take ce mata, shi ma sai in ba ta wurin.

Da azumi ya yi nisa jiri ya fara ɗibarta. Gwaggo ta sa mayafi ta kai ta asibiti da sunan zazzaɓi. Da suka dawo na ji tana gaya wa Inna a madafa, murya ƙasa-ƙasa, cewa nas ta ja mata fatar ido ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, ta ajiye azumi, in ba haka ba ba ita kaɗai za ta cutu ba. Inna ta je ta ce wa Iya, “Yarinyar nan ba ta da lafiya, an ce ta sha azumi.” Iya ta ce, “Allah ya sawwaƙe. Ta huta a ɗakinta.” Kowa ya ga an yi daidai. Ba wanda ya tsaya ya duba abin da hakan yake nufi gare ta.

Ɗakin Hanne sabo ne, na kwano, wanda aka gina don aurenta. Da rana kwanon nan yana ƙara yana ɗaukar wuta, ko tabarma ka taɓa sai ka ji ta da zafi. Nan take wuni ita kaɗai. Inna takan ajiye mata ɗan ɗumame a bakin ƙofa, ta ja shi ciki ta ci a ɓoye kamar ta sato. Daga can tana jin dariyar Gwaggo tana tashi daga ɗakin Iya, ba ta san abin da aka karanta ba. Da yamma ina tankaɗe tana tace tsamiya, in ba ta labarin inda aka tsaya.

“Malama, ke in da baki ne sai ki yi ta tsalle. Da ta je tashar me ta ce wa mai shayin?”

“Ta tambaye shi ko ya ga direban.”

“Haka kawai? A littafin ai ba haka za a faɗa ba.”

Gaskiyarta. Littafin kuma ya riga ya tafi wani gida, kananzir ɗin fitila ma ana lallaɓa shi.

Ba a yi sati ba, muna sahur sai ga ta da kwanonta ta zauna. Ta ce, “Na warke. Zan ɗauka.”

Inna ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, “Ke, nas ɗin nan fa cewa ta yi…”

“Zazzaɓin ya sauka, Gwaggo.”

Zazzaɓi aka ce tana yi, ga shi ta ce ya sauka. Duk wadda za ta ja da ita sai ta ambaci abin da ba a ambata. Aka ci gaba da cin tuwo. Da hantsi ta shiga ɗakin Iya ta zauna a wurinta na da, jikin bango.

Ni da nake fuskantarsu ina karatu, ni na fi kowa ganinta. Leɓenta ya yi fari ya tsattsage. Tulin ɓawon gabanta kullum ya fi na kowa ƙanƙanta. In an sha ruwa, kunun da ta sha ba ya zama, sai ta zaga bayan ɗaki. Rannan muna dawowa daga yashi, ta sauke tulu ta dafa wata bishiya tana haki. Na ce, “Yaya Hanne, don Allah ki sha ruwan nan. Allah ma ya ɗauke miki.”

Ta ce, “In sha in koma ƙarƙashin kwano? Malama, a can ba abin da nake yi sai sauraron gadar kogi. Duk motar da ta taka ta sai gabana ya faɗi. Ga kowa da yunwa, ni kaɗai ina tauna. A ɗakin Iya ko ba komai ina cikin mutane.” Ta ɗan yi murmushi. “Kuma sai na ga ko mai ɗinkin nan za ta sami direbanta. In kin faɗa wa wani ban yafe ba.”

Na gaya wa Gwaggo duk da haka. Gwaggo ta ce ta sani, tana neman bakin da za ta tari Iya da shi ne. Ba ta samu ba har ranar ta zo.

Ranar hadari ya haɗu a gabas tun da safe, baƙi ƙirin, har Baba ya fito da sungumi yana duba ƙotarsa. Kafin azahar iska ta watsa shi, ta bar wani irin zafi mai ɗanko wanda ko a ɗakin Iya gumi yake bin baya. Mun yi salla mun dawo. A littafin mai ɗinkin ta sami labarin an ga mai kama da direban a wani gari, ta sayar da kekenta ta hau mota. Ina cikin karanta yadda take leƙen hanya, sai na ji ƙwarya ta gangara, gyaɗa ta watse a daɓe. Hanne ta sulale ta jikin bango, kanta ya faɗa kan cinyar Inna.

Inna ta manta da kunya ta rungume ta tana salati. Gwaggo ta ɗebo ruwa a randa ta shafa mata a fuska da wuya. Da ƙyar ta buɗe ido. Iya ta ajiye carbi, ta matso da gwiwa, ta karɓi moɗar ta kai mata baki. Hanne ta datse haƙora.

“Iya, saura kaɗan la’asar.”

“Buɗe bakinki.”

“In na sha…” Sai ta dubi ƙofa.

Iya ta bi idonta ta dubi ƙofar, ta dubi gyaɗar da ta watse. Ina ganin a nan ta gane abin da ya dawo da yarinyar ɗakin. Sai ta yi abin da ba wanda ya taɓa yi a gidan: ta ɗora tafin hannunta a kan cikin Hanne, a gaban kowa.

“Yana motsi?”

Hanne ta rufe fuska da hannu. Muryarta da ƙyar ta fito. “Tun jiya ban ji ba.”

Inna ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan ɗankwalin Hanne.

Iya ta ce, “Wanda ya ɗora azumin ya sauke miki, ni ’yar wa ce da zan mayar miki da shi? Sha. Ba inda za ki.”

Ta sha. Iya ta jawo masakin da muke tara zaɓaɓɓun ƙwayoyi, manya jajaye waɗanda ko fasassa ɗaya babu, ta cusa hannu biyu ta ɗebo, ta sake ɗebowa, ta zuba a ƙwarya ta miƙa wa Inna. “A dama mata kunu. Mai kauri.”

Gwaggo ta ce, “Iya, ga fasassun can na miya.”

“Na ce miki fasassu nake nema?”

Inna ta fita. Muna jin ƙarar dutsen niƙa, sannan ƙamshin hayaƙi. Ba wanda ya koma ɓara. Iya tana yi wa Hanne fifita da faifai, bakinta yana motsi. Da Inna ta shigo da kunun, ƙamshinsa ya cika ɗakin, na ga maƙogwaron Gwaggo ya motsa. Rabonmu da kunun gyaɗa tun kafin girbi. Hanne ta riƙe ludayi ta kasa kai shi baki. Mutum huɗu masu azumi sun kewaye ta, ga surukarta a ciki.

Iya ta juya mata baya, ta jawo buhu ta ɗauki gyaɗa ta fasa. Inna da Gwaggo suka gane, su ma suka juya suka kama aiki. Iya ta ce min, “Saude, ina muka tsaya? Ta hau motar ko ba ta hau ba?”

Na buɗe littafin na fara a hankali.

“Ɗaga murya. Ba na ji.”

Iya da take jin motsin ɓera a rumbu daga ɗakinta. Na ɗaga murya yadda nake yi in an tsayar da ni gaban aji, har ta rufe ƙarar ludayi da ta haɗiya. Na yi ta karatu ban tsaya ba. Ranar littafin bai koma kafin la’asar ba, kuma ba wanda ya tuna.

Ana gab da kiran salla sai Hanne ta ce, “Iya,” a hankali. Ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a gefen cikinta. Muka zuba wa fuskar Iya ido. Ta yi jim, sannan ta lumshe ido ta ce, “Alhamdu lillahi. Ga shi nan yana harbina, marar kunya, irin ubansa.” Gwaggo ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Inna ta tashi ta fita da sauri, wai za ta duba wuta.

Daga ranar har aka ga wata, Hanne a ɗakin Iya take wuni ba azumi, tana ɓara tare da mu. Kullum Iya ta ɗebi irin da hannunta a dama mata, mu juya baya, ni in ɗaga murya. Ban taɓa ganin Hanne ta kai ƙwaya ɗaya baki daga abin da take ɓarewa ba. Dokar kuma ba ta tashi ba ga sauran mutane. Yara har aka gama ba su taka ɗakin ba.

Bayan salla da ’yan kwanaki ruwa ya sauka, irin mai ƙamshin nan da yake sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci. Muka fito tsakar gida muka tsaya a cikinsa, har Inna. Washegari Baba ya shiga ɗakin Iya ya buɗe tukwanen da aka adana irin da toka. Ya duba, ya sake dubawa.

“Iya, irin nan bai kai yadda na zata ba.”

“Bai kai ba.”

“Ɓera ne?”

“Ni ce.”

Baba ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi ƙasa, ya mayar da murfi. Bai ƙara tambaya ba. Gefen gonar da gyaɗa ba ta kai ba ya zuba masa wake. Yaya Sule ya dawo cikin satin, ya rame ya yi baƙi, da ’yar jakarsa da sabon labarin fim. Da kaka, ana cikin cirar gyaɗa, Hanne ta haifi ’ya mace, ’yar mitsitsiya amma mai ƙarfin kuka. Sunan Iya aka sa mata, muke kiranta Ummi. Yanzu ita ma tana da ’ya’ya har da mai shirin aure. Iya ta yi wa Ummi wanka, ta goya ta, ba ta ga tafiyarta ba. Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ɗakinta ya sanyaya mu.

Jiya da yamma na kasa zama, na sa hijabi na tafi gidan Yaya Sule da ɗan ƙunshin dabino. Na tarar da Hanne a tsakar gida, furfura ta cika mata goshi, tana ba jikoki umarni daga kan tabarma. Muka gaisa, muka tambayi gida da azumi da zafi, har muka gangaro kan wancan azumin. Na ce mata, “Yaya Hanne, kin tuna ranar kunun nan? Saboda ki ji ko mai ɗinki za ta sami direbanta kika kusa halaka mana Ummi.”

Ta ce, “Malama, in gaya miki gaskiya? Abin da kika karanta ranar ko kalma ɗaya ban ji ba. Kunya ta toshe min kunne. Bayan Iya kawai nake kallo, da ƙashin kafaɗarta yana motsi tana ɓara. Shekara da shekaru ina so in tambaye ki. Da ta sauka daga motar, me ya faru?”

Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da ita. Idona ne kawai yake kan takardar a ranar, bakina yana faɗa. Kunnena yana can bayan muryata, yana sauraron ko ta haɗiye.

Na ce, “Wallahi ni ma ban ji ba.”

Muka dubi juna, muka yi ta dariya har ta kama gefen hijabina tana share ido, jikokinta sun tsaya da kofuna a hannu suna kallonmu.